Bangon Baffa a Cikin Waya

Baffana magini ne. Ƙanin mahaifina ne, kuma tun da mahaifina ya rasu shi ya zama babba a gidanmu na Ƙofar Jatau, cikin birnin Zariya. Ba ginin bulo da siminti yake yi ba, ginin ƙasa ya gada, na tubali da azara. Amma abin da aka fi saninsa da shi a birni shi ne zanen bango. Idan an yaɓe fuskar zaure, tun ƙasar tana ɗanya, sai ya hau tsani da 'yar wuƙarsa da wani tsohon cokali, ya fitar da dagi da takobi da ganye da wasu siffofin da shi kaɗai ya san sunansu, su taso daga jikin bangon kamar dama can suna ciki a kwance. Ni kuwa boko na yi, na zama ma'aikaci a ofishin ƙaramar hukuma. Ko kwaɓa ƙasa ban iya ba.

A 'yan shekarun nan aiki ya yi masa ƙaranci. Duk wanda Allah ya buɗa wa, abin da yake fara yi shi ne ya rushe zauren kakansa, ya ɗora bulo, ya kafa ƙofar ƙarfe. Baffa ba mai ƙorafi ba ne. Da safe zai fito ya shimfiɗa buzunsa a zaure, ya kunna rediyo, ya amsa gaisuwar masu wucewa. Wani lokaci a kira shi toshe ɓaraka kafin damina, shi ke nan. Amma na lura hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Yana hira yana zane a ƙasa da tsinke, ya share da tafin hannu, ya sake.

Maiɗakina tela ce, a cikin gida take ɗinkinta. Wata Asabar da hantsi na tarar da ita ta bar keken ɗinki ta duƙufa a kan waya, hotunan hannun riga iri-iri suna ta wucewa. Na ce, "Ke ma kin shiga sahun masu kwana a waya?"

Ta ce, "Malam, wannan ba irin dandalin da ake cacar baki ba ne. Nan hoto ake nema. Ka rubuta abin da kake so, ya zubo maka hotunansa. Wanda ya yi maka, ka ajiye shi a allonka, ka dawo ka duba ran da ka so. Rabin ɗinkin da nake yi daga nan nake samo shi."

Ta miƙo mini wayar. Don gwaji kawai na rubuta zanen bangon Hausa. Hotuna suka fito, ba su da yawa, galibi tsofaffi ne da baƙi suka ɗauka suna wucewa. Ina cikin ja da yatsa sai na tsaya cak. Fuskar wani zaure ce da ke kusa da Ƙofar Doka, wanda nake wucewa ta gabansa in zan tafi aiki. Aikin Baffa ne. Babu sunansa a ƙasan hoton, babu ko sunan garin.

Maiɗakina ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "To kai me ya hana ka sa naka? Masu gina gidaje ma nan suke zuwa neman dizayin."

Da yamma na kai wa Baffa maganar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Wa zai sayi bango a waya?"

Na ce, "Ba bangon za a saya ba, Baffa. Hannun da ya yi shi za a nema."

Ya ce, "To, Allah ya sa alheri. Amma dai ka shaida ba ni na sa ka wannan wahala ba."

Fitata ta farko ni kaɗai na yi, da rana tsaka. Na zaga unguwanni ina ɗaukar duk zauren da na san aikinsa ne, na dawo da gumi da murna na nuna masa. Ya sa tabarau, ya nesanta wayar daga fuskarsa, ya duba ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ai bango ne kawai, ɗana. Ina zanen?"

Na duba da kyau, na ga gaskiyarsa. Komai ya kwanta, ba a bambanta tudu da kwari.

Ya ce, "Zane da inuwa yake magana. In rana na tsakar ka, ba shi da bakin magana. Bari sai bayan la'asar, ta karkata ta doke shi ta gefe. Zan raka ka."

Haka muka samu al'adar da har yau nake jin daɗin tunawa da ita. Ranakun da ba aiki, in an idar da sallar la'asar, sai mu bi lunguna a ƙafa, shi a gaba da sandarsa, ni a baya da waya. In tafiyar da nisa mu hau a-daidaita-sahu. Ba ya bari in ɗaga waya sai mun yi sallama, mai gida ya fito, an gaisa, an nemi izini. Akasari murna suke yi, wasu har su sa a kawo ruwa. Wani dattijo malami dai ya ce, "Gidana ba kasuwa ba ne." Baffa ya ce, "Gaskiyarka, Malam," muka yi masa sallama muka wuce. Ban ji daɗi ba, don zaurensa yana cikin waɗanda suka fi kyau, amma Baffa bai sake tayar da zancen ba, ni ma na bar shi.

A wani gida kuwa wata tsohuwa ce ta fito, tana dafa bango. Da ta gane Baffa sai ta ce, "Kai ne? Shekarar da aka kawo ni gidan nan marigayi maigidana ya sa ka yi wannan, kana saurayi, wuyanka kamar na zalɓe. Dubi yadda ya tsage ta gefen nan. Ka zo ka gyara mini kafin in mutu, kada in je can ya tambaye ni." Baffa ya yi dariya, ya yi mata alkawari.

Ɗaukar hoto ashe shi ne mai sauƙi. Maiɗakina ce ta ce in riƙa ɗaukarsu a tsaye, ba a kwance ba, tunda a tsaye mutane ke riƙe waya, hoto mai tsawo ya fi cika ido. Ita ce kuma ta kama ni da laifin rubutu. Ni mutumin ofis ne, sai na riƙa sa wa kowane hoto bayani mai tsawo, da gabatarwa da kammalawa, cike da kalmomin magina da na tsinta a bakin Baffa. Ta karanta ɗaya da ƙarfi tana kwaikwayon muryar mai karanta labarai, har ni ma na yi dariya.

Ta ce, "Malam, wa zai zauna ya rubuta wannan a wurin nema? Ni in ina neman hannun riga, hannun riga nake rubutawa. Ka tambayi kanka, mai son ƙawata ƙofar gidansa me zai rubuta?"

Ta nuna mini wata dabara. In ka fara rubuta kalma a wurin neman, manhajar da kanta takan jero maka ƙarashen da mutane suka saba nema. Na riƙa zama ina gwada kalmomi, da Hausa da Turanci, ina lura da abin da ke biyo baya: adon ƙofar gida, ginin ƙasa na gargajiya, zanen bangon falo. Da su na sake wa hotunan suna, gajeru, ba ado. Na raba su allo-allo, zauruka daban, ƙofofi daban, zankwaye daban, wato 'yan ƙahonnin nan da ake yi a saman gini. Na daina zuba su gaba ɗaya, na koma sa kaɗan-kaɗan a kai a kai.

Daga nan sai jira. Makonni suka shuɗe ba abin da ya motsa. A ofis nakan faki ido in buɗe waya, in ga ba kowa, in mayar aljihu. Baffa bai taɓa tambayata ba, kuma na san don kada ya kunyata ni ne. Maiɗakina ta ce in yi haƙuri, a wannan dandalin hoto ba ya tsufa, wanda ka sa yau yana iya kwanciya wata da watanni sannan mai nemansa ya zo.

Sai da damina ta yi nisa na fara ganin alama. Mutane suna ajiye hotunan a allunansu, wasu daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Amma ba wanda ya nemi aiki. Ina cikin wannan mamaki sai wani ya rubuta a ƙarƙashin ɗaya daga cikin hotunan: Allah ya jiƙan magabata, masu irin wannan aiki sun ƙare.

Na karanta wa Baffa a zaure. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Ka ce masa na gode da addu'a, zan buƙace ta, amma ina nan tukuna."

A nan na gane kuskurena. Na nuna bango, ban nuna akwai mai yin sa da rai ba, ban kuma bar hanyar da za a same shi ba. Duk mai kallo ya ɗauka kayan tarihi ne. Da ruwa ya ɗauke Baffa ya je cika alkawarin tsohuwar nan, sai na bi shi. Ya ce kada in ɗauki fuskarsa, hannu ya isa. Na ɗauki hannun yana cuɗa ƙasa da ciyawa, yana cike tsagar, yana bin tsohon layin zanen da bayan cokali, yana shafa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama cin bango. A ƙarƙashin kowane hoto na rubuta cewa maginin yana Zariya, yana karɓar aiki, ga lambar waya.

Kira ya fara shigowa. Mafi yawa farashi suke tambaya, su ce za su sake kira, ba su sake ba. Wani ɗalibi ya zo da tambayoyi, ya wuni da Baffa, ya ci tuwo ya tafi. Sai wata rana ina ofis wata mata ta kira. Ta ce ita likita ce a Kaduna, amma asalinsu 'yan birni ne. Mahaifinta ya bar Zariya tun yana saurayi, ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya. Yanzu ya tsufa, ɓarin jikinsa ya shanye, yana zaune a gidanta, tafiya ta gagare shi. Tana neman abin da za ta ƙawata masa ɗaki ne ta ci karo da hotunan. Da ta nuna masa, ya riƙe wayar ya ƙi saki, yana ta nuna wani zaure yana cewa ta nan ake bi a je gidan kakarsa. Tana so Baffa ya yi masa irinsa a bangon ɗakinsa.

Da yamma na kira ta na ba Baffa wayar. Bayan doguwar gaisuwa ya tambaye ta da me aka yi bangon. Ta ce bulo da siminti.

Ya ce, "Hajiya, ƙasa ba ta zama a kan siminti. Za ta yi miki kyau na ɗan lokaci, sannan ta ɓamɓaro ta zubo. Ba zan yi wa dattijo abin da zai faɗo masa a ka ba."

Ga wadda ta zo da gaske bayan duk wannan jira, ga Baffa yana neman korar ta. Na yi masa alama da hannu, bai ko dube ni ba. Can ta ce, "To yaya za a yi, Baba?"

"Akwai fili a gidan?"

Ta ce akwai, a bayan gida, kusa da bishiyar mangwaro.

"To sai in gina masa ɗan zaure nasa na kansa. Ƙarami, daidai mutum da baƙinsa."

Ta ce za ta yi shawara da maigidanta. Ni na riga na fid da rai. Amma ranar Lahadi sai ga ta a ƙofar gidanmu ita da shi. Ta shiga ciki ta gaida mata, ta fito ta durƙusa ta gaida Baffa, muka zaga da su suka ga zauruka da idonsu. Kafin su tafi an daidaita.

Baffa ya tafi Kaduna da abokan aikinsa biyu, tsofaffi irinsa, waɗanda su ma sun daɗe ba su taɓa babban aiki ba. Na ji labari sai da ya yi ta yawo a bayan gari yana murza ƙasa a tafin hannu kafin ya samu wadda ta yi masa. Ni sai ƙarshen mako nake zuwa. Zuwana na farko na tarar tubali a jere yana shan rana, Alhaji kuwa, mahaifin likitar, yana kan kujerarsa mai taya a inuwar mangwaro. Dogon mutum ne da ciwo ya ramar, maganarsa tana fita da ƙyar. 'Yarsa ta ce mini tun da aka fara aikin ba ya yarda a mayar da shi ɗaki sai magariba. Shi da Baffa sun bi unguwannin birni da baki, gida-gida, wane ɗan wane, wa ya rasu, wa ya rage. In kalma ta maƙale wa Alhaji, Baffa ba ya ƙarasa masa. Sai ya ci gaba da aikinsa yana jira har ta fito.

Ranar da za a fara zanen fuskar zauren ina wurin. An yaɓe, ƙasa ta yi daidai, Baffa ya ɗora ƙafa a tsani ke nan sai Alhaji ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Baffa ya sauko ya matsa kusa.

"Jirgi," in ji Alhaji. "A sa... jirgi."

Likitar ta ce, "Baba, ba irin na hoton nan kake so ba?"

Ya gyaɗa kai, yana so, amma a saman ƙofa a sa masa jirgin ƙasa.

Baffa ya shafa gemu ya ce, "Alhaji, na taɓa yin keke a bango, na taɓa yin agogo. Jirgi dai ban taɓa ba, kuma ganin nesa na yi masa. Kai da ka san shi, sai ka nuna mini."

Ya sa aka kawo faranti mai faɗi, ya cika shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya daddaɓe samanta, ya ɗora a cinyar Alhaji. Tsohon ya dubi ƙasar ya jima. Sannan ya sa yatsa. Hannun hagu ne, yana rawa, amma layin ya fito: dogon kai mai zagaye, bututun hayaƙi, ɗan ɗakin direba, ƙafafu manya da ƙanana, da sandar da ke haɗa su. Inda ya karkace ya share da babban yatsa ya sake. Likitar ta juya ta shiga cikin gida, ta jima ba ta fito ba.

Baffa ya jingina farantin a gindin tsani inda zai riƙa gani, ya hau. Yana yi Alhaji yana gyara masa daga ƙasa, wannan ƙafar ta yi ƙanƙanta, bututun ya matsa gaba. Kafin magariba jirgi ya tsaya a saman ƙofa, dagi ta dama da ta hagu, hayaƙinsa ya murɗe ya shige cikin ganyen da ya zagaye ƙofar.

Da aka gama aikin na nemi izinin likitar in sa hoton, ta ce in sa, ban da fuskar kowa. Wannan hoton ya fi duk sauran yawo. Ba zan ce aiki ya yi ta kwarara ba. Wata makaranta ta sa an yi mata ƙofar shiga, wani mutumin Abuja ya sa an gyara masa zauren gidansu na gado maimakon rushe shi da ya yi niyya, sai ƙananan gyare-gyare nan da can. Amma ya isa Baffa ya riƙa fita da safe da buhun kayan aikinsa, ya dawo da jar ƙasa a farce. Ni ma na ci gaba da sa hotuna, yanzu ma shi ke cewa in ɗauki wannan, in bar wancan.

Alhaji ya ci moriyar zaurensa. Likitar ta ce a nan yake wuni, a nan tsofaffin abokan aikinsa suke zuwa su same shi, har ya sa an kai masa buzu da rediyo. Ya ga damina ta zo ta wuce a kan ginin ba abin da ya same shi. Bayan ƙaramar salla ta kira ni da safe ta ce Allah ya yi masa rasuwa. Muka je ta'aziyya ni da Baffa. A cikin ɗan zauren maza suka zauna karɓar gaisuwa, waɗanda bai ɗauka ba aka shimfiɗa musu tabarmi a gindin mangwaro. Muka yi addu'a, muka ɗan zauna. Da za mu tafi Baffa ya zagaya bayan ginin, ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya duba indararo, ya ce wa mijin likitar a sake shafa makuba kafin ruwa ya sauka.

A mota muna dawowa ina zaune kusa da Baffa. Mun yi nisa sai ya ce, "Ɗana, abin nan naka, in ka tambaye shi ginin ƙasa na wasu ƙasashe, zai nuna?"

Na ce zai nuna. Na rubuta, na miƙa masa. Ya sa tabarau. Masallatai masu tsinkayen itace a jiki suka fito, da gidaje masu hawa-hawa a kan duwatsu, da bukkokin da mata suka yi wa zane da baƙi da fari. Na nuna masa yadda ake buɗa yatsu biyu hoto ya ƙara girma. Ya yi ta kallo, yana ɗan gyaɗa kai, wani ya wuce shi da sauri, wani ya daɗe a kansa. Can ya tsaya a kan wata ƙofa daga wata ƙasa mai nisa, ya ƙara mata girma har sai da ƙwayar yashi ta fito.

Ya ce, "Wannan ƙasarsa ta cika yashi, shi ya sa gefen nan ya zaizaye. Amma dubi yadda ya juya kwanar nan bai ɗaga hannu ba. Gwani ne." Ya miƙo mini wayar. "Rubuta masa, ka ce wani magini daga Zariya yana gaishe shi."

Na ce, "Baffa, mai yiwuwa ba shi ya sa hoton ba, kuma ba lallai ya ji Hausa ba."

Ya ce, "Rubuta dai. Wanda ya sa ai ya san inda ƙofar take."

Na rubuta da Hausa, na sake rubutawa da Turanci, na karanta masa ya ce ya yi. Muka shigo gari ana kiran sallar la'asar, muka sauka a Ƙofar Doka muka yi salla, sannan muka taka zuwa gida.